Neman Aiki Ta Waya: Darasi Domin Ƙungiyoyin Manoma

'Yan'uwa manoma, tun da rashin zaman lafiya ya hana mu zuwa gonakin da ke bakin dajin Kamuku, samarinmu da yawa sun koma neman aikin albashi. Yanzu kuwa a waya ake nemansa.

Akwai shafuffukan intanet da aka kafa domin wannan. Jobberman, wanda ɗalibai uku suka fara a Ile-Ife a 2009, allo ne inda kamfanoni ke manna sanarwar aiki. LinkedIn kuwa, na Amurka, tun 2003, wuri ne da mutum ke rubuta iliminsa da aikin da ya taɓa yi, waɗanda suka san shi su shaide shi. Ita ma gwamnati ta intanet ta ɗauki matasa a shirin N-Power a 2016, har da malaman gona, a kan Naira 30,000 a wata.

Amma ku lura, cika takarda ba samun aiki ba ne. A 2014 mutane sama da 500,000 suka biya Naira 1,000 kowannensu domin gurabe ƙasa da 5,000 a hukumar shige da fice. Ranar jarrabawa aka yi turmutsitsi, mutane suka mutu. Wannan fa na gwamnati ne, balle saƙon da ya shigo waya da dare, mai cewa a aika kuɗi a riƙe wa yaro gurbi. Kada uba ya buɗe rumbu ya sayar da buhun masara saboda irin wannan saƙo. Mai ɗaukar ma'aikaci shi ke biya. Kada kuma yaro ya ba kowa lambar sirri ta asusunsa.

Ga abin da ƙungiya za ta iya yi. Yaron da ya riƙe littafin bashin taki shekara biyu, ko ya kula da awon hatsi, ya yi aiki na gaske, sai dai ba a rubuce yake ba. Sakatare ya rubuta masa takardar shaida, da kwanan wata da sa hannun shugaba. A ɗauki hotonta a waya, a kuma ajiye ainihinta a akwati, gama mun tuna yadda aka rufe layin waya a Birnin Gwari a 2021.

A taronku na gaba ku tambayi juna: wa zai riƙa duba sanarwar aiki tare da yaranmu kafin a kashe ko kwabo?