Yadda Ake Sa Wa Kayan Roba Launi

Da wuya a sami gidan da babu buta ko bokiti na roba a yau, wani ja, wani shuɗi, wani ruwan ɗorawa. Mutane da yawa suna zaton rina su ake yi kamar yadda ake rina tufafi a karofi. Ba haka ba ne. Baba cikin ruwa yake kama zare, amma abin da aka fi sa wa roba gari ne mai laushi wanda ba ya narkewa, akasarinsa kuwa daga ma'adinai ake samo shi. Akan cuɗa shi da ƙwayoyin roba kafin inji ya narkar da su, kaɗan ne kuma ke isa, galibi bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Shi ya sa ko an yanka buta, cikinta da bayanta launi ɗaya ne.

Masu masana'antu sun fi son garin ma'adinai domin zafin inji yakan wuce digiri 200, shi kuwa ba ya ƙonewa, rana ma ba ta koɗar da shi da wuri. Fari daga wani ƙarfe mai suna titaniyam ake yinsa, an soma sarrafa shi don sayarwa a Norwe da Amurka a 1916. Ja-ja da ƙasa-ƙasa daga tsatsar ƙarfe ne, watau abin da ya ba jar ƙasa launinta. Akwai shuɗin da shi ne dai bula wadda masu wanki ke sa wa fararen riguna. Baƙi kuwa dangin kunkunniya ne, yana kare roba daga rana, don haka tankin ruwa baƙi ba ya saurin tsagewa.

Inda ake so Hakimai su lura shi ne ruwan ɗorawa da ja mai haske. An daɗe ana haɗa su da dalma ko da wani ƙarfe mai suna kadmiyam, dukansu guba ne. Dalma tana ɓata ƙwaƙwalwar yaro, ɓarnar kuwa ba ta gyaruwa. Kadmiyam yana taruwa cikin ƙoda shekara da shekaru. An ga aikin dalma a Zamfara a 2010, inda yara ɗaruruwa suka rasu, ko da yake wannan daga niƙan duwatsun zinariya ne, ba daga roba ba. Ƙasashen Turai sun soma taƙaita kadmiyam cikin roba tun 1991, an kuma sami waɗansu launuka marasa wannan illa. To, amma tsohuwar roba da ake tsintowa a bola a sake narkarwa takan komo da tsohon launinta cikin sabon kaya, ido kuwa ba ya iya rarrabewa.

Muddin roba na nan lafiya, garin a kulle yake cikinta. Sai ta tsufa ta soma marmashewa, ko yaro ya tauna, ko an ƙone ta, sa'an nan ya fita. Ƙonawa ta fi muni, gama ƙarfe ba ya ƙarewa a wuta, yakan bi hayaƙi ko ya zauna cikin toka, tokar bola kuwa gona ake kai ta a matsayin taki.

Saboda haka ana roƙon Hakimai su sanar da dagatai da masu unguwanni cewa kada a hura wutar girki da roba. Sarakunan fawa su hana babbakar kai da ƙafa da ita. Kada a zuba koko ko tuwo mai zafi cikin bokitin fenti ko robar da ta soma marmashewa. Malamai su rubuta ranar da aka yi sanarwa a kowace kasuwa.