Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

Kokawa tsohon wasa ne a ƙasar Yauri. Gungawa, watau mutanen da suka zauna a tsibiran Kogin Kwara, sun daɗe da yin suna a kanta. A shekarar 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji. Ruwa ya cinye tsibirai da yawa, aka mai da mutanensu sababbin garuruwa a bakin tafki. Gidaje da gonaki sun saura a ƙarƙashin ruwa, amma kokawa ta bi masu ita tudu.

Ɗan kallo kaye kaɗai yake gani a fage. Bai san shekarun da aka yi ana renon ɗan kokawa ba. Mai renon nan shi ne ubangidansa, galibi tsohon ɗan kokawa wanda ƙarfi ya fara bari, amma dabara ta zauna. Ubangida mai hankali ba ya koya wa yaransa abu ɗaya. Yakan dubi shekarun kowa, da girman jikinsa, da abin da ya riga ya iya.

Yaro ɗan shekara 7 ko 8 ba a fara koya masa kaye. Faɗuwa ake fara koya masa. A kai shi kan yashi mai laushi, a nuna masa ya kai haɓarsa ƙirji, kada ƙeyarsa ta bugi ƙasa. A hana shi tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu. Dalili kuwa shi ne, ƙashin yaro ɗanye ne, bakin ƙasusuwansa guringuntsi ne, bai gama ƙwari ba. In ya ji ciwo a nan, yana iya zame masa lahani har girma. Darasinsa gajere ne, rabinsa wasa, domin yaro ba ya jimre dogon bayani.

In ya kai shekara 12 ko 13, sai a shiga koya masa tsayuwa, da kamun ƙugu, da taɗiya. Yaran bakin ruwa sun yi sa'a, gama iyo da tuƙin kwalekwale suna ƙarfafa musu kafaɗa da baya. A wannan lokaci tsara biyu sukan bambanta ƙwarai, wani ya yi tsawo, wani bai tashi ba tukuna. Saboda haka ba a haɗa su don shekarunsu ɗaya, sai in jikinsu ya zo daidai. A nan kuma ake koya wa yaro ya sha kaye, ya tashi ya kakkaɓe jikinsa ba tare da fushi ba.

Saurayi wanda ya ƙosa, shi ake fitarwa fagen gari. Ubangida ba ya cika shi da surutu. Yakan zuba masa ido, sa'an nan ya nuna masa kuskure ɗaya ya gyara. Dogo a koya masa riƙe abokin karawa daga nesa, gajere kuwa a koya masa shiga ta ƙasa.

Dambe ya fi kokawa hatsari, domin bugun kai yana taɓa ƙwaƙwalwa. Don haka ubangida nagari ba ya gaggawar ɗaure wa yaro hannu.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka san wannan ba. A Japan akwai wata irin kokawa da ake kira judo, wadda wani malami, Jigoro Kano, ya kafa makarantarta a birnin Tokyo a 1882. Sabon shiga farar ɗamara yake ɗaurawa, gwani kuwa baƙa. Su ma faɗuwa ce darasinsu na fari.

In aka haɗa ƙaramin yaro da wanda ya fi ƙarfinsa, ko dai ya karye, ko tsoro ya kore shi daga fage har abada. In kuma aka tsare babba a darasin ƙanana, sai ya gaji, ko ya ji musu ciwo. Da rarrafe yaro kan tashi.

Tambayoyi

1. Me ya raba Gungawa da tsibiransu?
2. Don me ake fara koya wa yaro faɗuwa?
3. Yaya ake zaɓa wa ɗan shekara 13 abokin karawa?
4. Mene ne ma'anar kan wannan darasi?