Gyaran Tsagar Kwalta da Kankare a Wuraren Kasuwanci

Wannan takarda domin masu gidajen mai aka rubuta ta, da masu rukunin shaguna, da shugabannin tasha da na kasuwa, da masu sito, da duk wanda Allah ya hore wa fili aka malala masa kwalta ko kankare don motoci su shiga su fita. Hukumar FERMA da aka kafa a 2002 hanyoyin gwamnatin tarayya take gyarawa, hukumomin jihohi kuma nasu suke dubawa. Daga bakin lambatu zuwa ƙofar shagonka kuwa babu mai zuwa ya duba maka. Naka ne, in ya lalace kai za ka ji a aljihu.

Akwai wani rukunin shaguna da nake zuwa sayen takarda a Kano. Wata rana cikin Fabrairu na lura da wata 'yar tsaga a farfajiyarsa, siririya kamar zaren ɗinki, ta taso daga bakin magudana ta nufi inda motocin kaya ke tsayawa. Ko tsinken ashana ba zai shiga ba. Na nuna wa maigadi, ya yi dariya ya ce, "Malam, ai wannan ba komai ba ne." Da Yuli ya zo, ciyawa ta tsiro a cikinta. Cikin Agusta na tsaya a ƙarƙashin rumfa ana yayyafi, wata motar kaya ta bi ta kai, sai na ga jan ruwa ya tsarto daga tsagar kamar an matse soso. Kafin a gama girbi wurin ya zama rami, yara suna kwaso ɓaraguzan bulo a baro suna zubawa, mai shagon da ke kusa kuma yana ƙorafi cewa masu mota sun daina tsayawa a ƙofarsa.

Wannan jan ruwan da ya tsarto shi ne kan magana. Jama'a da yawa suna zaton kwaltar ce ke ɗauke da nauyin mota. A'a, marmarar da aka daddaɓe a ƙarƙashi ita ke ɗauka, kwalta kuwa rufi ce, aikinta ta raba nauyin ta kuma hana ruwa sauka. Wani mutumin Sikotilan mai suna John McAdam, wanda ya yi fice a gina hanyoyi a Birtaniya wajen 1820, a kan wannan ya kafa aikinsa: ƙasa busasshiya tana iya ɗaukar kaya, jiƙaƙƙiya ba ta iyawa. Iyayenmu mata ma ba su jira shi ba. Wanda ya taɓa ganin ana daɓe a gida ya san yadda ake baza marmara, a yayyafa ruwa, mata su jeru da madaɓai su yi ta bugu har ƙasa ta haɗe, sannan a bi da makuba don ta rufe fuskar. In makuba ta koɗe sai a sake shafawa, ba a jira sai daɓe ya farfashe. Da ma an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A farfajiyar kasuwanci ƙadangaren ruwa ne. Ya shiga ta tsaga ya jiƙa marmara ta zama taɓo, mota ta taka ta matso taɓon waje, ƙarƙashi ya zama kogo, rufi ya rufta.

To, me ke kawo tsagar tun farko? Na ɗaya dai rana. Kwaltar da ake shimfiɗawa tsakuwa ce da yashi, an haɗa su da baƙin danƙon da ke saura bayan an tace ɗanyen mai, kuma danƙon nan bai wuce kashi 5 ko 6 cikin 100 na nauyin haɗin ba. Cikin zafin Afrilu fuskar kwalta takan haura digiri 60, a kwana a tashi danƙon ya bushe, baƙinta ya koma toka-toka, ta rasa laushi ta fara dardarewa. Kankare shi ma yana motsi, ko da yake ido ba ya gani. Shimfiɗa mai tsawon mita 10, in zafi ya ƙaru da digiri 30, takan miƙe kamar milimita 3, sanyin hunturu ya zo ta sake tsukewa. Saboda haka ne magina na ƙwarai ke yanka layi a kankare kowace mita 4 ko kusa da haka, zurfinsa rubu'in kaurin shimfiɗar, don in zai tsage ya tsage a inda aka shata masa. Wanda ya zuba fili guda sumul babu yanka don ya yi kyan gani, kankaren zai yanka wa kansa layi, kuma ba zai nemi shawararsa ba.

Sai nauyi. A wani babban gwaji da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960, an yi ta zagaya manyan motoci a kan hanyoyin gwaji, aka gano cewa in nauyin da ke kan ƙafar mota ya ninka biyu, ɓarnar da take yi takan kai wajen ninki 16. Ke nan tirela ɗaya mai lodin siminti ta fi dubban ƙananan motoci cin fili. Mai shaguna da ya shimfiɗa kwalta don motocin masu sayayya, daga baya ya ba wani haya ya mai da shago ɗaya sito, tireloli na shigowa suna murɗa taya a wuri ɗaya, kada ya yi mamaki. Akwai kuma man gas da fetur, waɗanda ke narkar da danƙon kwalta kamar yadda ruwa ke narkar da sukari, shi ya sa gidan mai na kirki kankare yake zubawa a gindin famfo. Saiwar darbejiya ma tana ɗaga shimfiɗa. A wuraren baƙar laka kuwa, irin ta gabashin Borno wajen Tafkin Cadi, ƙasar ce da kanta ke kumbura da damina ta tsattsage da rani.

Kafin a kira mai gyara, mai fili ya fara karanta tsagarsa, domin ba dukansu ne ciwo ɗaya ba. Ya fito da safe bayan an yi ruwa ya ga inda ruwa ya kwanta. Ya ɗora miƙaƙƙen katako a kan tsagar ya duba ko gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙasa. In kankare ne, ya ɗauki guntun rodi ya bi yana ƙwanƙwasawa: inda ya ji ƙara sak, ƙarƙashi cike yake, inda ya ji amo kamar na ganga, akwai kogo. Ya sa fenti a ƙarshen tsagar ya rubuta kwanan wata, bayan wata biyu ya dawo ya ga ko ta wuce alamar. Tsaga guda mai tafiya a miƙe, wadda gefunanta suke daidai, ciwon fata ne, toshewa ta isa. Amma in ka ga kwalta ta dardare ƙanana-ƙanana kamar bayan kada, musamman a inda taya ke bi, to ciwon a ƙarƙashi yake. Duk wanda ya ce zai shafe maka wannan da kwalta ya karɓi kuɗinka, ado kawai ya sayar maka, kuma damina ɗaya za ta tona shi.

Toshe tsagar kwalta ba wuya gare shi ba, sai dai yana son tsabta fiye da yadda leburori suka saba. Wadda ba ta kai milimita 3 ba, shafen kwaltar ruwa da yayyafin yashi mai laushi ya wadatar. Daga nan zuwa faɗin babban yatsa, sai a cire ciyawa har saiwa, a kankare da buroshin ƙarfe, a hure da injin iska har sai ƙura ta daina fitowa. A nan ne aiki yake lalacewa ko ya yi kyau. Danƙo ba ya kama ƙura, ba ya kama laima. In aka zuba shi a kan ƙurar hunturu, bayan mako biyu yaro zai iya jan sa da hannu ya fito kamar igiya. Masu injin yanka sukan ɗan faɗaɗa bakin tsagar tukuna don danƙon ya sami mazauni. Sannan a narka danƙon toshiya mai haɗin roba, wanda ake dafawa wajen digiri 190, a ɗura shi daga ƙasa ya cika, a shafe bakin ya yi daidai da fili ba tare da tudu ba, a barbaɗa yashi don kada taya ta ɗauke. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ƙasa ta bushe sarai, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da sanyi ya sa tsaga ta buɗe baki. A hure a ɗura a rana ɗaya, kada a hure yau a ce sai gobe.

A kula, narkakkiyar kwalta ba abin wasa ba ce. Ko ɗigon ruwa ya faɗa cikin tukunyar sai ta yi kumfa ta fantsamo. Mai aiki ya sa safar hannu da takalmi rufaffe, ba silifa ba. In ta zuba a jikin mutum a yi ta kwarara ruwan sanyi, kada a ɓanɓare ta, a kai shi asibiti. A gidan mai kuma ba a hura wutar dafa ta a cikin haraba, ko da manaja ya ce yana sauri.

Inda ya yi bayan kada ko ya riga ya zama rami, faci za a yi, kuma facin gaskiya yanka ne. A shata murabba'i wanda ya shiga lafiyayyen wuri da kamar taku ɗaya ta kowane gefe, a yanka gefuna su tsaya a miƙe, a haƙe duk ƙasar da ta yi laushi har a tarar da mai tauri. Sai a mai da sabuwar marmara hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15, a ɗan jiƙa shi a daddaɓe da inji kafin a ƙara wani. Lebura zai so ya juye baro uku lokaci guda ya taka da ƙafa ya ce ya yi. Kada a yarda, a tsaya a kansa. Bayan haka a shafa kwaltar ruwa a ƙasa da gefuna don sabo ya kama tsoho, a zuba haɗin da zafinsa, a danne, a toshe bakin facin kewaye. Abin da na fi gani a garuruwanmu shi ne a kwaɓa siminti a cusa a ramin kwalta. Kwalta tana lanƙwasa, siminti ba ya lanƙwasa, don haka ba sa zama tare; facin zai ɓalle ya bar rami wanda ya fi na da. Masu zuba baƙin mai don kashe ƙura kuwa, su da hannunsu suke narkar da filinsu.

Kankare hukuncinsa ya ɗan bambanta. In alamar fenti ta nuna tsagar ta tsaya cak kuma siririya ce, ana iya ɗura mata gam mai ƙarfi da ake kira ifoksi ya haɗe ta. In mai motsi ce, ko layin da magini ya yanka ne ya buɗe, abu mai tauri ba zai yi ba, sai danƙo mai miƙewa, bayan an cusa igiyar soso a ciki don ya sami abin zama a kai. A gindin famfon mai a tabbata an sayi irin wanda fetur ba ya ci. Shimfiɗar da ta rabu gida uku ko huɗu, ko gefe ɗaya ya nutse, sai a fasa ta duka a gyara ƙasa, a huda gefen tsohon kankare a soka guntayen rodi don sabo da tsoho su raba nauyi, a zuba sabo. Haɗin da magina suka sani na kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa ya isa wurin ƙananan motoci. Inda tanka ke tsayawa a nemi injiniya ya faɗi kauri da haɗi. Kada a cika ruwa a kwaɓi don ya yi saukin bazawa, yawan ruwa shi ke raunana kankare ya kuma sa shi tsagewa yana bushewa. In an zuba, a rufe da buhunan algarara ana ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Ƙarfinsa ba ya cika sai ya kwana 28, saboda haka a jera duro a tare wurin, ko direba zai yi fushi.

Duk wannan aiki banza ne in ruwa bai sami hanyar fita ba. Fili yana son gangare na kamar santimita 2 a kowace mita zuwa magudana, magudanar kuma a kwashe ta kafin ruwan farko, don ledar ruwa da yashi ke cika ta tun da rani. A duba indararon rufin shaguna, wanda sau da yawa shi ke zubo ruwa wuri ɗaya shekara da shekaru, da tankin ruwa mai yoyo, da mai wankin mota da aka ba kusurwa yana malala ruwa kullum.

Saura maganar da ta fi kawo rigima, wato wa zai biya. A rukunin shagunan da na ambata, 'yan haya sun ce farfajiya ta mai gida ce, mai gida ya ce motocinsu ne suka fasa, aka yi ta aike-aike ta bakin wakili har damina ta biyu ta shigo. Maganin wannan a takardar haya yake. Tun ranar ba da makulli a rubuta nawa kowane shago zai riƙa bayarwa a shekara don gyaran fili da kwashe magudana, da wanda zai riƙe kuɗin, da girman motar da aka yarda ta shigo. Sannan kowace shekara, da an sha ruwan ƙarshe a Oktoba, mai gida ko wakilinsa da mutum biyu daga 'yan haya su zaga filin da gwangwanin fenti da guntun rodi, su yi wa kowace tsaga alama, a kira mai gyara tun hunturu bai wuce ba.