Kafin Ka Fita Lokeshan Da Babbar Kyamara

Kyamarar silima ta farko da na riƙe ta haya ce, Blackmagic Pocket 4K wadda ta fito a 2018. Da magariba aka kawo mini ita, da sassafe muka nufi lokeshan. Na daɗe ina ɗaukar bukukuwa da ƙaramar kyamara, sai na zaci duk kanwar ja ce. Da dare muka zuba aikin a kwamfuta, sai ga hasken falo yana ƙyafce-ƙyafce a fuskar jaruma. Wanda ya yi hayarta kafin ni ya bar ta a kan firem 30 da shota 1/60, ni kuma ban duba ba. Aikin yini guda ya lalace, kuma laifina ne.

Ga dalilin. Wutar lantarkin Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa sau 60. Saboda haka saitinmu shi ne firem 25 da shota 1/50, abin da waɗannan kyamarori ke rubutawa digiri 180. In darakta ya nace sai firem 24, mayar da shota digiri 172.8. In da janareta ake aiki, kada ka saki jiki ko da saitin ya yi daidai, domin gudunsa yana hawa yana sauka. Ɗauki daƙiƙa goma, ka kalla a babban allo kafin a ce "akshin".

Sai ISO. Kowace kyamara tana da lambar da hotonta ya fi tsabta a kai. Pocket 4K tana da biyu, 400 da 3200. Sony FX3 kuma 800 da 12800 idan ana ɗauka da S-Log3. Tsaya a kansu, ka gyara haske da fitila. A tsakar ranar Kano kuwa, kada ka ƙara gudun shota don rage haske, motsin mutane zai koma tsinke-tsinke. Gilashin ND za ka ɗaura a gaban lens. Duka kyamarorin biyu ba su da shi a ciki, don haka tambaye shi tun wurin haya.

Abin da ya fi tayar wa furodusa hankali shi ne hoton "log", wanda ke fitowa a koɗe kamar tsohuwar atamfa. Ba lalacewa ya yi ba. Kyamarar ta tattara bayanan haske da inuwa ne domin a yi masa kala daga baya, misali a DaVinci Resolve. Ɗora LUT na Rec.709 a allon kallo kowa ya samu natsuwa, ainihin hoton kuma ya zauna yadda yake. Sannan ka auna haske a kan fuska, ba a kan farar shadda ba. Baƙar fata in an ɗauke ta a duhu, edita ya zo ɗaga ta, sai hoton ya cika da yashi.

Saura hidimar da ake rainawa. Ƙaramin batirin Pocket 4K da ƙyar yake kai awa ɗaya, nemi babba mai V-mount. Kada ka goge kati sai aikin ya zauna a wuri biyu daban, kuma ka buɗe ka gani da idonka. Lokacin hunturu, shiga mota ko ɗaki kafin ka sauya lens, domin ƙura ɗaya a kan sensa za ta bi ka kowane sin.

'Yan'uwa masu tasowa, duk wanda zai ba ku aiki da kyamarar da ba ku taɓa riƙewa ba, ku nemi a ƙara kwana ɗaya a kuɗin haya. Ku yi gwaji a rana da inuwa da ƙarƙashin fitila, ku kai wa edita ya duba. Kuɗin kwana ɗayan nan bai kai na sake tara 'yan wasa ba.