MALAM-BUƊE-LITTAFI DA FAƊA-WUTA: YADDA AKE KAMA SU, A GANE SU, A YI NAZARINSU

Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Wanda ya raɗa wa wannan ƙwaro suna malam-buɗe-littafi ya lura da yadda yake buɗe fikafikansa yana rufewa kamar shafukan littafi. To, littafin nan yana da karatu a ciki, kuma karatun ya shafi lemon da ke lambunmu da geron da ke rumbunmu. Manomin da bai san wace tsutsa ce ke cin amfaninsa ba yakan sayi maganin da ba shi ne ba, ya yi hasarar kuɗi, ya kuma kashe ƙwarin da ke taimakonsa. Wannan darasi zai nuna yadda ɗalibi a ƙasar Tambuwal ko Kebbe zai fara nazarin waɗannan ƙwari da kayan da ke hannunsa.

BAMBANCIN DANGIN BIYU

Masana sun haɗa malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta a rukuni ɗaya mai suna Lepidoptera, watau masu ɓawo a fiffike. Garin nan da ke manne wa yatsa idan an taɓa su, ƙananan ɓawo ne a jere kamar na kifi, kuma su ne ke ba fiffike launi. An san iri fiye da 150,000 a duniya, kuma mafi yawansu faɗa-wuta ne. Ga hanyoyi 4 na rarrabe su:

1. Ƙahonni. Na malam-buɗe-littafi sirara ne masu ƙulli a baki kamar kan ashana. Na faɗa-wuta kuwa ko dai kamar zare, ko kamar gashin tsuntsu.
2. Zama. Malam-buɗe-littafi yakan haɗe fikafikansa a tsaye, faɗa-wuta yakan shimfiɗa nasa ko ya kifa su kamar jinka.
3. Jiki. Na farko siriri ne, na biyu yawanci kakkaura ne mai gashi.
4. Lokaci. Na farko da rana yake yawo, na biyu galibi da dare.

Kada a dogara da alama ɗaya, domin akwai faɗa-wuta masu yawon rana. Ƙahonni su ne shaidar da ta fi ƙarfi.

MASU WUTSIYAR TSATTSEWA

Daga cikin dangin malam-buɗe-littafi akwai gidan Papilionidae, mai iri fiye da 500. Ana yi musu laƙabi da masu wutsiyar tsattsewa saboda da yawansu suna da 'yar wutsiya a ƙarshen kowane fiffiken baya. Babbansu a Afirka shi ne Papilio antimachus, wanda faɗin fikafikansa kan wuce santimita 20, amma shi ɗan kurmi ne, sai a kudu.

Wanda muka fi gani a nan shi ne Papilio demodocus, wanda wani masani Bajamushe mai suna Esper ya raɗa wa suna a 1798. Baƙi ne mai ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa, faɗinsa wajen santimita 9 ko 10, kuma a kowane fiffiken baya akwai tabo 2 masu kama da ido, da shuɗi da ja a ciki. Abin lura shi ne, ko da yake ɗan gidan ne, ba shi da wutsiya. Duk inda aka dasa lemo, ko a bayan gida ko a lambunan fadamar Gulbin Zamfara, can za a same shi.

Macen takan saka ƙwai ɗaya-ɗaya a kan ɗanyen tohon lemo, kowanne bai kai ƙwayar gero ba. Cikin 'yan kwanaki tsutsa ta fito. Tana ƙarama baƙa ce da fari, sak kashin tsuntsu, don haka tsuntsaye kan wuce ta. Bayan ta yi saɓa sau 4 sai ta koma koriya kamar ganyen da take ci. Idan ka taɓa ta, za ta fito da wani abu mai baki biyu, ruwan goro, daga bayan kanta, mai wari ƙwarai. Wannan shi ne makaminta, kuma duk tsutsotsin gidan Papilionidae suna da shi. Da ta ƙoshi sai ta manne da reshe, ta ɗaura zaren siliki a ƙugunta, ta zama ƙunshi. Bayan kamar mako 2 malam-buɗe-littafi ya fasa ya fito. Babbar bishiya ba ta damu da cin tsutsar ba, amma 'yan kaɗan sun isa su tsige dashen lemo tas. Maganinsu mai sauƙi ne: a duba dashe kowane mako a tsince su da hannu.

Na biyu shi ne Graphium angolanus, fari da baƙi, da ja a gindin fiffike ta ƙasa. Tsutsarsa ganyen gwandar daji take ci, saboda haka sai a neme shi inda gwandar take. Mazan sukan taru a kan laka a bakin ruwa suna tsotsar gishiri.

Akwai wani da ba ɗan gidan ba ne amma kowa ya san shi: Danaus chrysippus, ja-ja mai baƙin gefe da farin ɗigo. Tsutsarsa tumfafiya take ci, ta tara dafin a jikinta har ta girma, shi ya sa tsuntsaye ke ƙyamarsa, shi kuma yana tafiyarsa a hankali ba ya tsoron kowa. Macen wani iri dabam, Hypolimnas misippus, ba ta da dafi, amma ta ari kamanninsa ta tsira. Zama da maɗaukin kanwa ke nan.

FAƊA-WUTA DA ABINCINMU

A nan ne maganar ta yi nauyi. Tsutsar kan gero 'yar wani ƙaramin faɗa-wuta ce mai suna Heliocheilus albipunctella, wanda ya zama annoba a yankin Sahel bayan farin farkon shekarun 1970. Yakan fito daga ƙasa wajen wata guda bayan ruwan shuka, ya saka ƙwai a kan gero daidai lokacin da yake fitar da kai. Tsutsar ta bi zangarniya tana yanke furen, ta bar sawu a murɗe kamar an naɗa igiya. Daga nan ta sauka ƙasa ta kwanta har wata damina. Masana na cibiyar INRAN da ke Maraɗi suna yaƙar ta da wani ɗan mitsitsin zanzaro, Habrobracon hebetor, wanda ke harbin tsutsar ya saka ƙwai a jikinta. Ana kiwonsa a 'yan jakunkunan algarara a rataya a ƙauyuka. Mai feshi barkatai har wannan aboki yake kashewa.

Tsutsar masara, Spodoptera frugiperda, baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, kuma a Nijeriya aka fara ganinta a Afirka, a farkon 2016. Ana gane ta da alama kamar harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo 4 a murabba'i kusa da wutsiya. A wannan shekarar ce kuma Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabta. Ita kuwa Maruca vitrata furen wake da kwansonsa take hudawa, kuma saboda ita Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fito da irin wake SAMPEA 20-T a 2019.

Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Zaren tsamiya da ake aikin babbar riga da shi, daga saƙar tsutsotsin faɗa-wuta na daji ake samunsa, irin su dangin Anaphe. Waɗansu kuma suna kai garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan da dare, kamar yadda ƙudan zuma ke yi da rana.

KAYAN AIKI DA KAMU

Raga: a lanƙwasa waya mai ƙarfi ta yi zobe mai faɗin santimita 35, a ɗinka jakar yadi mai shara-shara wadda zurfinta ya ninka faɗin, a ɗaure a gora. Kada a yi amfani da sabon gidan sauro, domin yana da maganin ƙwari. Lokacin kamu shi ne daga hantsi zuwa azahar, musamman daga Agusta zuwa Oktoba. A bari ƙwaron ya sauka a fure, a kai ragar daga gefe, a juya hannu bakin jakar ya rufe.

Tarkon dare: a shanya farin zane a igiya, a rataya fitila mai haske a gabansa. Daren da babu farin wata ya fi kawo ƙwari.

Kafin a kashe ko ɗaya, a ɗauki hotonsa da waya, sama da ƙasa. Sau da yawa hoto ya wadatar, sai a sake shi. Don akwatin makaranta, biyu daga kowane iri sun isa. Babban malam-buɗe-littafi matse ƙirjinsa ake yi da yatsa biyu. Kwalbar magani kuwa aikin malamin kimiyya ne.

SHIMFIƊAWA DA ADANAWA

A jera ɓargon kara ko katako mai laushi guda 2, a bar rami a tsakani. A soka fil a tsakiyar ƙirji, a sa jikin cikin ramin, a ja fikafikan gaba da bakin allura har gefensu na baya ya miƙe sambal. A danne su da siraran takardu, a kafe takardun da fil. Bayan mako 1 ko 2 a inuwa ya bushe. A ajiye a akwati mai murfi da ƙwayar kafur a kusurwa, nesa da danshi da kiyashi.

Abu mafi muhimmanci shi ne 'yar takardar shaida a ƙarƙashin kowane ƙwaro: gari, kwanan wata da shekara, tsiron da aka same shi a kai, da sunan wanda ya kama. Misali: Dogon Daji, Tambuwal, a kan lemun tsami. Ƙwaro marar takarda ado ne kawai, ba ilmi ba.

INA ZA A SAMI SUNA?

Littafin Torben Larsen na 2005 a kan malam-buɗe-littafin Afirka ta Yamma ya ƙunshi iri wajen 1,500. Jami'ar Ahmadu Bello tana da ɗakin adana ƙwari a Samaru, inda masu bincike ke kai nasu don a tantance. Masu tattara ƙwari sun fi yin aiki a kurmin kudu, saboda haka rubutun da aka yi da kula daga Sanyinna ko Kuchi yana da daraja.

GARGAƊI

Kada kowa ya shiga daji shi kaɗai ko ba da izini ba. Harabar makaranta da gonakin bakin gari sun isa. A sa takalmi saboda maciji, a nemi yardar mai gona, kuma kada a taɓa tsutsa mai gashi da hannu.

AIKIN HUTU

1. Samo tsutsar lemo ɗaya, ka sa ta a kwalba da ɗan reshe, ka rufe da yadi. Sauya ganye kullum, ka rubuta ranar kowace saɓa, da ranar ƙunshi, da ranar fitowa. Sa'an nan ka sake shi.
2. Duba zangarniyar gero 50 a gonarku, ka ƙirga masu sawun tsutsa, ka fitar da kashi cikin ɗari.
3. Tambayi dattawan garinku sunayen da suke kiran waɗannan tsutsotsi, ka rubuta yadda suka faɗa.

A kawo sakamakon ga malamin kimiyya a makon farko na komawa makaranta. Da yayyafi kogi kan cika. Allah ya ba da sa'a.