Dabarun Gina Zullumi a Gajeren Fim ɗin Ɗalibi: Darasi Daga Yankin Gaya da Ajingi

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ɗalibin da ba shi da jari zai yi amfani da ƙa'idojin fim ɗin zullumi a aikinsa na kammala karatu, idan ya zaɓi ɗauka a Gaya ko Ajingi. Ta nuna cewa ƙarfin wannan nau'in fim yana cikin sarrafa abin da mai kallo ya sani da kuma ƙurewar lokaci, kuma tsarin gida da al'adun yankin sun wadatar da ɗalibi da kayan aikin.

1.0 Gabatarwa

Abin da ake nufi da fim ɗin zullumi shi ne fim da ke riƙe mai kallo cikin ɗar-ɗar, yana jiran aukuwar wani abu da yake tsoron ya auku. Ya bambanta da fim ɗin ban tsoro mai fatalwa da aljanu, ya kuma bambanta da fim ɗin faɗa. Tun fitowar Turmin Danya a 1990, masana'antar Kannywood ta fi karkata ga soyayya da rikicin iyali, don haka ɗalibin da ya so gwada zullumi yakan waiwayi finafinan Amurka da Indiya. Abin da ya fi saurin ɗaukowa daga can shi ne bindiga da tseren mota da mutum mai rufaffiyar fuska, waɗanda su ne mafi tsada kuma mafi ƙarancin amfani. Akwai ma wani cikas: a 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta sanar da hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya.

2.0 Ba-zata da Zullumi

A tattaunawar da François Truffaut ya yi da Alfred Hitchcock a 1962, wadda ta fito a littafi a 1966, Hitchcock ya raba tsakanin abubuwa biyu da misalin mutanen da ke hira a teburi. In bam ya tashi ba tare da mai kallo ya san da shi ba, an samu ba-zata ta 'yan daƙiƙu. In kuwa an nuna masa bam ɗin a ƙarƙashin teburi, ya san lokacin da zai tashi, ga agogo a bango, to hirar banza ma ta zama abin saurare da faɗuwar gaba.

Mai karatun Hausa ya daɗe da sanin wannan dabara. A littafi na ɗaya na Magana Jari Ce (1937), Abubakar Imam ya sanar da mai karatu makircin Waziri tun da wuri, alhali Musa ɗan sarki bai sani ba. Kullum dare Musa yana shirin fita, aku yana tsare shi da labari har gari ya waye. Daɗin labaran aku daban, amma abin da ke sa a ci gaba da buɗe shafi shi ne tsoron kada Musa ya ƙetare ƙofa. Saboda haka tambayar farko da ɗalibi zai yi wa kowace fitowa ita ce: me mai kallo ya sani a nan, wanda tauraro bai sani ba?

3.0 Misalin Labari

A ɗauka ɗalibi ya tsara fim na minti 12 a wani ƙauye na ƙasar Ajingi. An sace kuɗin takin zamani da ƙungiyar manoma ta tara. Wata yarinya 'yar talla ta ga wanda ya ɗauka, kuma kawunta ne. An ɗora laifin a kan wani baƙo ɗan ƙodago, an tsare shi a zauren dagaci, za a yanke magana bayan sallar magariba, samari kuma sun fara taruwa a waje da sanduna.

Ba bindiga a nan, amma dukkan ginshiƙan nau'in sun hallara. Kuɗin takin shi ne abin da Hitchcock ya kira MacGuffin, wato abin da 'yan wasa suka damu da shi ƙwarai, mai kallo kuwa bai damu da adadinsa ba. Ɓata lokaci ne a tsaya bayanin yadda aka tara shi. Agogon fim ɗin shi ne tazarar la'asar zuwa magariba. A fim ɗin High Noon (1952) sai da aka riƙa nuna agogon bango don tunatar da mai kallo isowar jirgin ƙasa. A nan tsawon inuwar katanga, da dawowar awaki, da ladan yana alwala sun isa.

Mafi muhimmanci shi ne abin da ya hana yarinyar magana. Raunin da ya fi yawa a rubutun ɗalibai shi ne tauraron da ya yi shiru ba dalili, don kawai kada fim ya ƙare. Bahaushe mai kallo ba ya buƙatar a yi masa bayanin nauyin da ke kan yarinya ƙarama kafin ta shiga zauren manya ta tona asirin ƙanin mahaifiyarta. Kunya da kara da zumunta su ne sarƙar da ta ɗaure ta, kuma sun fi igiya ƙarfi a idon mai kallo, domin shi ma ya san su a jikinsa.

4.0 Wuri, Haske da Sauti

Gidan Bahaushe na gargajiya tamkar an gina shi ne don wannan aiki. Daga zaure zuwa shigifa zuwa tsakar gida, ƙofofin ba sa fuskantar juna, don kada na waje ya hangi na ciki. Ma'ana, mutum biyu za su iya tsayawa taku uku tsakaninsu ba su ga juna ba, alhali kyamara tana ganin su duka. Hitchcock ya gina Rear Window (1954) kusan gaba ɗaya a kan abin da mutum ɗaya ke hangowa ta tagarsa. Yarinyar da aka aiko da kwanon tuwo, ta tsaya a bayan asabari tana jin muryar kawunta yana rantsuwa a zaure, ta samu irin wannan taga. Rumbu, da lungu, da gonar dawa kafin girbi inda kara ya fi mutum tsawo, duk wuraren ɓuya ne da ba a biyan kuɗin gina su.

Ɗaukar dare ita ce ke kayar da ɗalibai, domin ƙaramar kyamara ko waya tana dusashe hoto idan haske ya yi ƙaranci, janareto kuma yana lalata sauti. Tocila ɗaya daga gefe, wadda ta haska rabin fuska ta bar rabi a duhu, ta fi fitilu uku daga gaba. Hazon Disamba da Janairu yana ɓoye nesa, sai mai tahowa ya bayyana a hankali. Sai dai iskar hunturu tana buga makirfo, don haka gara a naɗi sauti daban.

Batun sauti ya cancanci a daɗe a kansa. An saba cika fim da kiɗan fiyano na kwamfuta daga farko har ƙarshe, wanda yake gaya wa mai kallo ya ji tsoro tun kafin a ba shi dalili. Sautin gari ya fi wannan tasiri: lugudan daka da ya tsaya kwatsam, haushin kare daga nesa, babur da ya kashe inji a ƙofar gida. Tarihin baka ya danganta Gaya da ƙira, har ana cewa daga nan Abagayawa suka tafi Dala neman tama; bugun masaba a kan uwar maƙera, in aka riƙa gajarta tazararsa yayin da magariba ke matsowa, zai yi aikin bugun zuciya ba tare da an ari komai daga waje ba.

5.0 Izini da Tsaro

Fitowar samari da sanduna a ƙofar dagaci wasa ce ga masu ɗauka, amma mai wucewa daga Toranke ko Kademi bai san haka ba, kuma jita-jitar an kama ɓarawo tana tara jama'a cikin mintuna. Wajibi ne ɗalibi ya zo da takarda daga sashensa, ya bi ta mai unguwa da dagaci zuwa hakimi, ya sanar da ofishin 'yan sanda da 'yan sintiri, ya kuma nemi yardar iyayen duk yaron da zai fito. A yi irin wannan fitowa da mutane shida ko bakwai a cikin rufaffen wuri, a ɗauki ƙafafu da hannuwa da sanduna daga kusa, sannan a ɗora hayaniyar taro wajen haɗa hoto. Mai kallo zai ƙirga mutum hamsin.