Me ya sa saƙonmu ke zuwa daidai lokacin da mai ya kusa ƙarewa?

Aikina riƙe wayar wani shagon kayan masarufi a Kano. Muna karɓar oda ta WhatsApp, mu ba direbobin tasha kaya su kai har Rano da Kibiya. Mutanenmu na Rurum Sabon Gari sun fara irin wannan saye ne tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da ya sa kowa ya koyi tiransifa ta OPay ko Moniepoint ala tilas. Ya kamata ku san abin da muke yi a bayan kanta.

Ribar kayan abinci siririya ce. Abin da ke saura a katan ɗin taliya bayan kuɗin mota bai taka kara ya karya ba, balle tun cire tallafin fetur a Mayun 2023. Jumia da girmanta ta rufe sashen kai abincinta a Disambar shekarar. Saboda haka mai saye sau ɗaya ba ya ciyar da mu, sai mai dawowa.

Babban makaminmu littafi ne. Idan Hajiya ta sayi man gyaɗa da sukari da magi, muna rubuta ranar. Bayan ciniki biyu ko uku mun gane tsawon lokacin da kayan ke yi a gidanta, sai mu aika gaisuwa dab da ƙarewarsu: "Hajiya barka da gida, sabon kaya ya sauka." Ita a ganinta dace aka yi, alhali lissafi ne. Malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma kuwa, nasu saƙon yana jiran labarin shigar albashi. Kamfanin Tesco na Ingila ya kama wannan hanya da katinsa na Clubcard tun 1995. Su da kwamfuta, mu da biro.

Sai batun "cika kuɗi kaza mu kai maka kyauta." Mutum ya zo sayen abu uku, ya ƙara madara da lemon kwalba don kada ya biya direba, bai san kuɗin motar na ɓoye cikin farashi ba. Gyara ma mun sauya masa fasali. Mai awo a kasuwa nan take yake ƙara maka a mudu, mu kuwa sai mu ce ragin naka yana nan, amma sai a saye na gaba, kuma kafin Juma'a. "Saura katan uku" da kuke gani a sitatus wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci sito cike yake. Ƙunshin azumi kuma nan ake cusa kayan da suka ƙi tafiya a tsakanin dabino da sukari.

Ban ce a daina ba. Matar da ba ta fita, da magidancin da aka hutar da shi zuwa kasuwar Singa, sun amfana. Abin da ke ba ni takaici shi ne manomin Rurum ya yi odar gero ko masara daga birni, wanda wataƙila daga yankinmu ya tashi ya je kasuwar Dawanau, ya dawo masa a leda da tsada.

Rubuta abin da gida ke buƙata kafin ka buɗe waya. Nemi farashin kowane kaya daban, kuɗin mota daban, ka gwada da na kasuwar Rano. In saƙonnin sun dame ka, ka ce a cire lambarka. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ka ikon ƙin karɓar talla.